Ɗan Hausa: Rayuwar Hanns Vischer da Kafuwar Makarantar Nasarawa a Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Hanns Vischer (1876–1945), Baturen da Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, wanda ya ƙetaro teku daga Turai ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, makarantar da ta zama tushen ilimin boko na gwamnati a Nijeriya ta Arewa. An waiwayi asalinsa, da zuwansa na farko a matsayin ɗan mishan, da aikin mulkin da ya yi a Barno, kafin a tsaya a kan tsarin makarantar. Maƙalar ta nuna cewa shawarar da ya tsaya a kai, ta koyarwa da harshen Hausa cikin baƙaƙen Romawa, ita ce ta share wa adabin Hausa na boko fage, kuma ita ce ta taimaka wajen tura ajami gefe. Don haka duk hukuncin da za a yanke a kan gadonsa, wajibi ne ya haɗa fuskokin biyu.

1.0 Gabatarwa

Kusan duk ɗalibin Hausa ya taɓa jin sunan Ɗan Hausa, galibi a layi ɗaya ko biyu cikin darasin tarihin rubutun boko, inda ake ambaton ƙa'idojin rubutun da ya wallafa a 1912. Mutanen Kano kuwa sun fi saninsa ta gidan ƙasar nan da ke unguwar Nasarawa, wanda har yau ake kira Gidan Ɗan Hausa. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne hanyar da ta kawo mutumin nan Kano, da yadda abubuwan da ya gani a kan hanyar suka tsara irin makarantar da ya kafa. Sau biyu Vischer ya ɗaura aniyar koyar da Hausawa. A karo na farko ya zo da abin da jama'a ba su nema ba, aikin bai yi nisa ba. A karo na biyu ya zo bayan ya shafe shekaru yana ɗaukar karatu daga mutanen ƙasar, aikin ya kafu. Bambancin da ke tsakanin zuwan biyu shi ne mabuɗin fahimtar rayuwarsa.

2.0 Asali da Karatu

An haifi Hanns Vischer ranar 14 ga Satumba 1876 a birnin Bazel na ƙasar Siwizalan, cikin wani tsohon gidan attajirai mabiya ɗariƙar Furotesta. Bazel gari ne da ke kan iyakar Jamus da Faransa, saboda haka tun yana yaro kunnensa ya saba da harshe fiye da ɗaya. Garin kuma ya shahara da ƙungiyar mishan da ta daɗe tana aika masu wa'azi da malaman makaranta zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau. Wanda ya tashi a irin wannan wuri, labarin Afirka ta Yamma ba baƙo ba ne a gare shi.

Daga baya ya wuce Ingila, ya yi karatu a Kwalejin Emmanuel ta Jami'ar Kambirij, sa'an nan ya sami horon addini a Ridley Hall da ke garin. A shekarun nan Hausa ta fara samun gindin zama a Ingila. An kafa ƙungiyar nazarin Hausa a farkon shekarun 1890, kuma Charles Henry Robinson, wanda ya ziyarci Kano, yana koyar da harshen a Kambirij, ƙamusunsa kuma ya fito tsakanin 1899 da 1900. Turawan mishan na lokacin sun ɗauka cewa duk wanda ya mallaki harshen Hausa ya mallaki ƙofar shiga tsakiyar Sudan, domin fatake sun kai harshen har Tarabulus da Gwanja.

3.0 Zuwan Farko: Ɗan Mishan a Loko

A 1900 wata tawagar ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ta iso Kano ƙarƙashin jagorancin Bishof Tugwell, cikinta har da Likita Walter Miller. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba, ya umarce su da su fice daga birnin cikin 'yan kwanaki. Tawagar ta ja da baya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, daga bisani ta sauka Loko a bakin kogin Binuwai. A wannan hali na karayar gwiwa ne Vischer ya shigo aikin a 1901. Cikin abokan aikinsa akwai G. P. Bargery, wanda daga baya ya tsara babban ƙamusun Hausa na 1934.

Zamansa a mishan bai daɗe ba. Cikin ɗan lokaci ya ajiye aikin, ya koma Turai. Amma ya tafi da darasi guda da ya bayyana a duk abin da ya yi daga baya: al'ummar da ta shafe ƙarnuka tana da malamanta da littattafanta da alƙalanta, ba za ta miƙa 'ya'yanta ga baƙon da take zargin ya zo raba su da addininsu ba. Miller ya ci gaba da aikin mishan, ya kafu a Zariya daga 1905, ya buɗe makaranta, amma sarakuna da malamai sun ci gaba da ɗari-ɗari da ita saboda alaƙarta da wa'azi. Vischer ya ɗauki wata hanya daban.

4.0 Barno da Sahara

A 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Vischer ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulkin Nijeriya ta Arewa a matsayin mataimakin razdan. An tura shi Barno, ƙasar da ba ta gama farfaɗowa daga ɓarnar yaƙe-yaƙen Rabe ba. A can ya ƙara Barbarci da Larabci a kan Hausarsa, ya kuma ga tsangayun Barno da idonsa, waɗanda suka yi suna wajen haddar Alƙur'ani da kyan rubutu.

A 1906, da hutunsa ya ƙare, maimakon ya dawo ta jirgin ruwa kamar sauran jami'ai, sai ya zaɓi ya biyo tsohuwar hanyar ayari daga Tarabulus zuwa Tafkin Chadi, ta Murzuƙ da Bilma. Ayarin nasa ya ƙunshi alhazai da 'yantattun bayi masu neman komawa gida. Sun shafe watanni a kan raƙuma, sun sha ƙishi, sun kuma yi arangama da 'yan hari. Labarin tafiyar ya fito cikin littafinsa Across the Sahara from Tripoli to Bornu a 1910. Ga mai nazarin ilimi, muhimmancin tafiyar shi ne ta sa shi zama dare da rana cikin Musulmin Sudan ta Tsakiya, rayuwarsa a hannunsu, tasu a hannunsa. Ya ji harshen a bakin masu shi, a lokacin raha da lokacin tsoro. Irin wannan ƙwarewa ce ta sa daga baya aka kira shi Ɗan Hausa.

5.0 Shirin Kafa Makaranta

Gwamnatin mulkin mallaka ta sami kanta cikin tsaka mai wuya game da ilimi. A Sakkwato cikin 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a tsoma baki cikin addini ba, kuma boren Satiru na 1906 ya nuna wa Turawa cewa mulkinsu ya dogara ne ga goyon bayan sarakuna. A ɗaya ɓangaren, ofisoshin gwamnati na buƙatar akawuna da masu awon ƙasa da malaman haraji, waɗanda a lokacin ake ɗauko su daga Legas da Saliyo da Gwalkwas a kan albashi mai tsada, ga shi kuma ba su jin harshen ƙasar. Makarantun allo da na ilimi suna nan dubbai, amma ba su koyar da abin da ofishin razdan ke nema.

Wanda ya gaji Lugga, Sir Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ne ɗan Kanada da ya yi aiki a Masar da Sudan. A 1908 ya zaɓi Vischer ya tsara wa Arewa ilimin gwamnati wanda ba ruwansa da mishan. Kafin ya fara, an tura shi Masar da Sudan da Gwalkwas ya ga yadda ake gudanar da makarantu. A Hartum ya ga Kwalejin Gordon, wadda aka buɗe a 1902, da yadda hukuma ta gina sabon tsari a kan makarantun Alƙur'ani, tana horar da malamai da alƙalai da masu sana'a da harshen Larabci. A gaɓar teku kuma ya ga makarantun da ke koyarwa da Ingilishi tun daga ajin farko, waɗanda jami'an mulkin mallaka ke zargi da yaye matasa masu raina al'adunsu da sarakunansu. Ya dawo da ra'ayin cewa tsarin Sudan ne ya dace da Arewa. Sai dai a inda Sudan ta yi amfani da Larabci, shi Hausa ya ɗauka.

6.0 Makarantar Nasarawa

A 1909 aka fara karatu a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a zamanin Sarkin Kano Abbas. Abin lura shi ne ba da ƙananan yara aka fara ba. Ajin farko na malamai ne, manyan mutane da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, aka koya musu karatu da rubutun Hausa cikin baƙaƙen Romawa, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, domin su zama masu koyarwa. Bayan su aka buɗe makarantar 'ya'yan sarakuna, da ta elemantare, da ta sana'a inda ake koyar da kafinta da ƙira da gini da dukanci. A 1910 aka tabbatar wa Vischer muƙamin daraktan ilimi na Nijeriya ta Arewa. Baitulmalin masarauta ya ɗauki wani kaso na kuɗin gudanarwa, abin da ya sa makarantar ta zama ta sarki a idon jama'a gwargwadon yadda take ta gwamna.

Duk tsarin makarantar an yi shi ne don kada ɗalibi ya ji an cire shi daga duniyarsa. Magina Kanawa ne suka yi gine-ginen da tubali da azara. Ɗalibai suna sa tufafinsu na gida, suna zama a ƙasa, suna kwana a sassa irin na gidajensu. Ana tsayar da salla a kan lokacinta, malaman addini kuma suna koyar da Larabci da fiƙihu. Ingilishi ba a fara shi sai ɗalibi ya ƙware a rubutun harshensa, shi ma ba ga kowa ba. Vischer kansa ya zauna a gidan ƙasa kusa da makarantar. Matarsa Isabelle ta zauna tare da shi, ta kuma wallafa abubuwan da ta gani cikin wani littafi na Faransanci a 1917.

Duk da wannan taka-tsantsan, jama'a ba su saki jiki nan da nan ba. Iyaye da dama sun ɗauki makarantar a matsayin tarkon Nasara, wasu masu sarauta kuma sun gwammace su aika 'ya'yan barorinsu maimakon nasu. Sunan da aka ba sabon karatun ma ya isa shaida. An daɗe ana cewa kalmar boko aro ce daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi, amma Paul Newman ya kawo hujjojin da ke nuna cewa kalmar Hausa ce ta asali mai ma'anar abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda take a amaryar boko. Ke nan a idon malaman zaure, abin da ake yi a Nasarawa kwaikwayon karatu ne. Duk da haka ɗalibai sun riƙa zuwa daga larduna daban-daban, kuma waɗanda aka yaye su ne suka riƙe makarantun lardi da aka buɗe a Sakkwato da Katsina da sauran wurare. Cikin ɗaliban Nasarawa akwai Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya kuma rubuta Ganɗoki.

7.0 Boko da Ajami

A nan ne aikin Vischer ya fi shafar nazarin Hausa. Hausa tana da al'adar rubutu tun kafin zuwan Turawa, musamman waƙoƙin wa'azi da furu'a da madahu da malaman jihadi da magadansu suka rubuta da ajami. Tambayar da ta fuskanci gwamnati ita ce da waɗanne baƙaƙe za a rubuta Hausar ofis da ta makaranta. Lugga ya riga ya karkata ga baƙaƙen Romawa, wasu jami'ai kuma, irin su Burdon da ya yi razdan a Sakkwato, sun fi son a bar abin da mutane suka saba da shi. Vischer ya goyi bayan baƙaƙen Romawa, bisa dalilan da suka haɗa da tsadar buga baƙaƙen Larabci masu wasali, da rashin daidaito tsakanin marubutan ajami wajen rubuta sautukan da babu su a Larabci, da wahalar da jami'an Turawa za su sha wajen koyon baƙaƙe biyu. Dalili na ƙarshen nan ya nuna cewa sauƙin mai mulki na cikin abin da aka auna. John Edward Philips ya yi dogon nazari a kan wannan muhawara, ya nuna yadda siyasa ta yi tasiri a cikinta.

A 1912 Vischer ya wallafa ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a mujallar ƙungiyar nazarin Afirka ta Landan. Kafin wannan, kowane Bature yana rubuta Hausa yadda kunnensa ya jiye masa, sau da yawa bisa al'adar rubutun Ingilishi. Ƙa'idojin sun tsayar da tsari guda ga makarantun gwamnati, kuma da yake a Kano aka kafa makarantar, karin harshen Kano ya sami fifikon da ya kai shi ga zama ginshiƙin daidaitacciyar Hausa. Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su shigo ba sai a shekarun 1930.

Amfanin wannan shawara a fili yake. Ita ce ta samar da masu karatu da marubutan da Hukumar Fassara da Hukumar Talifi suka tarar, har aka yi gasar 1933 ƙarƙashin R. M. East wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, aka kuma fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hasararta ma ba ɓoyayyiya ba ce. Dubban malaman da suka iya karatu da rubutu da ajami sun wayi gari hukuma ba ta lissafa su cikin masu ilimi. An sami rukuni biyu na masu karatu a al'umma ɗaya, 'yan boko da malaman zaure, kowanne yana yi wa ɗayan kallon hadarin kaji. Jinkirta Ingilishi da taƙaita yawan makarantu kuma sun bar Arewa a baya wajen samar da ma'aikata, giɓin da ya zama babban batun siyasa a shekarun neman mulkin kai.

8.0 Bayan Kano

Zaman Vischer a Nasarawa bai wuce 'yan shekaru ba. Lugga ya dawo a 1912, ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, yana kuma da nasa ra'ayin game da ilimi, wanda ya fi ba Ingilishi muhimmanci. Aka karkata ga makarantun lardi, aikin Nasarawa ya ragu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Vischer ya shiga rundunar Ingila, ya yi aiki a sashen leƙen asiri, ya kai muƙamin manjo. Bai koma kan kujerarsa ta Kano ba. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, ita ce ta gaji aikin horar da malamai, kuma da Ingilishi take koyarwa. Daga cikinta ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito.

Abin da ya gwada a Kano ya bi shi Landan. A 1923 aka naɗa shi sakataren kwamitin da ke ba Ma'aikatar Mulkin Mallaka shawara kan ilimin Afirka, ya riƙe muƙamin har 1939. Ya raka tawagar Phelps-Stokes zuwa Afirka ta Gabas a 1924. Takardar manufofin da kwamitin ya fitar a 1925 ta tsaya a kan cewa a daidaita ilimi da rayuwa da al'adun jama'a, a kuma ba harsunan gida matsayi a farkon karatu. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Ƙasa da Ƙasa ta Harsuna da Al'adun Afirka, inda ya zama babban sakatare, Lugga yana shugaba, Diedrich Westermann kuma yana cikin daraktoci. Wannan cibiya ce ta fitar da jagoran rubuta harsunan Afirka a 1927, wanda ya share hanyar shigowar baƙaƙe masu ƙugiya cikin Hausa. Ta haka hannunsa ya sake taɓa rubutun Hausa daga nesa. An ba shi lambar girma ta Sir a 1941. Ya rasu a Ingila ranar 19 ga Fabrairu 1945.

9.0 Kammalawa

Hanns Vischer ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma makarantar da ya kafa an yi ta ne don biyan buƙatun wannan mulki: a sami ma'aikata masu araha, a kuma tarbiyyantar da magadan sarauta ba tare da an girgiza tsarin da Turawa suka dogara da shi ba. Girmamawar da ya nuna wa harshe da al'adun Hausawa ta gaskiya ce gwargwadon abin da ayyukansa suka nuna, amma ta yi daidai da siyasar mulki ta hannun sarakuna. A lokaci guda, da ya ɗauki tsarin gaɓar teku ya fara da Ingilishi, da wuya Hausa ta sami matsayin da ta samu a makaranta da ɗab'i da jarida tun kafin 1940, matsayin da kaɗan ne daga harsunan Afirka ta Yamma suka samu a lokacin.

Akwai aikin da ya rage wa manazarta. Yawancin abin da aka rubuta game da Nasarawa, har da littafin Sonia Graham na 1966, ya dogara ne ga rahotannin Turawa da takardun mishan. Malaman ajin farko na 1909, waɗanda suka ajiye alƙalamin kara suka ɗauki fensir, su ne suka kai boko Sakkwato da Katsina da sauran larduna, kuma su ne suka sha zargin jama'a. Tattara tarihinsu daga zuriyarsu, da kundayen masarautu, da Gidan Adana Kayan Tarihi na Kaduna, zai cike ɓangaren labarin da ya shafi Hausawan da suka karɓi aikin daga hannun Ɗan Hausa suka ci gaba da shi.